Babi na Tara: Ciwon da Ke Ɗaure Kafaɗu da Asuba

A arewacin ƙasar Sikotilan akwai wani ƙaramin gari mai suna Strathpeffer, wanda ya yi suna a ƙarni na 19 saboda ruwa mai farar wuta da ke ɓuɓɓugowa a cikinsa. Masu ciwon gaɓɓai daga sassan Birtaniya sukan je can su sha, su yi wanka, da fatan samun sauƙi. Likitan da ke duba su, William Bruce, ya lura da wasu tsofaffi 5 da ciwonsu bai yi kama da na sauran ba. Ya zo musu da ƙarfi, ya ƙage musu jiki, ya kwantar da su, amma bai lalata musu gaɓɓai ba, kuma bayan dogon lokaci ya sake su. Bruce ya wallafa bayaninsu a 1888. Sai a 1957 wani likita a Ingila, Stuart Barber, ya raɗa wa cutar sunan da take amsawa har yau, folimayaljiya rumatika, wanda likitoci ke taƙaitawa da PMR.

Ba banza ba ne labarin ya faro daga can. Cutar ta fi yawa a tsakanin mutanen arewacin Turai da zuriyarsu. A Norwe, cikin kowane mutum 100,000 da suka haura shekara 50, fiye da 100 ne ke kamuwa a shekara guda. A Italiya da Sifaniya adadin bai kai 20 ba. A yankin Olmsted na jihar Minnesota ta Amurka, inda jikokin mutanen Sikandinabiya suke da yawa, an ƙiyasta cewa mace 2 zuwa 3 cikin 100 za su gamu da ita a tsawon rayuwarsu. Tana kama mata ninki biyu zuwa uku a kan maza. Da wuya a gan ta ga wanda bai kai 50 ba, kuma ta fi tsananta tsakanin 70 da 80. A cikin baƙar fata ba ta da yawa, amma tana faruwa. Wannan ƙarancin da kansa matsala ne: wanda ta kama a Kano ko Maraɗi zai iya shafe watanni ana ce masa sanyin ƙashi ne ko tsufa, sannan wanda ba ita ke damunsa ba zai iya shan maganinta ya ji daɗi, alhali wata cutar na cin sa a ɓoye.

Yadda take zuwa shi ne abin da masu ita ba sa mantawa. Dattijuwa tana cikin harkokinta, cikin kwanaki kaɗan ko mako biyu sai kafaɗunta duka biyu su riƙe, wuya ya sandare, ƙugu da cinyoyi su ɗauki ciwo. Da dare juyi a kan gado yakan gagara. Da asuba abin ya fi muni. Hannu ba ya ɗaguwa ya ɗaura ɗankwali, namiji ya kasa zura babbar riga, tashi daga kujera sai an kama mutum, ɗagowa daga sujada sai da dafa bango. Ƙagewar takan wuce minti 45, sau da yawa har hantsi, sannan jiki ya ɗan saki da rana. In aka zauna a mota na awa guda, sai ta dawo. Wasu kan haɗa da kasala, da zazzaɓi mara zafi, da rashin cin abinci, da rama, da ƙuncin rai. Mai ciwon yakan rantse cewa naman jikinsa ne ya mutu, amma in likita ya gwada ƙarfin damtsen sai ya same shi daram. Kumburin yana cikin 'yan jakunkunan ruwan da ke hana ƙashi da jijiya gogayya a kafaɗa da ƙugu, da kuma rufin gaɓar. Garkuwar jiki ce ke tayar da shi, kuma wani sinadarin kumburi da ake kira IL-6 yana kan gaba a aikin. Wannan sinadarin yakan yi yawa a jini a ƙarshen dare, shi ya sa asuba ta zama lokacin azaba. Abin da ke tunzura garkuwar tun farko, har yanzu masana na bincike a kai.

Babu gwaji guda da zai ce ga ta. Likita zai auna alamun kumburi a jini, ESR da CRP, waɗanda kusan kullum sukan hau. Zai iya ɗora na'urar hoton sauti a kafaɗa ya ga jakunkunan nan sun cika. Sauran aikin duk na kore wasu cututtuka ne, kuma a nan nake son mai karatu ya ba likita lokaci. Amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu yakan fara wa tsoho da kama kafaɗa, sai daga baya ya nuna ainihinsa. Raunin aikin tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya, yana kawo ciwon jiki da kasala. Magungunan rage kitsen jini suna sa wasu ciwon tsoka. Sankarar ɓargo, da sankarar da ta bazu zuwa ƙashi, da tarin fuka, dukkansu suna ɗaga ESR, suna ramar da mutum, suna sa shi ciwon jiki. A ƙasashenmu, inda tarin fuka ya fi PMR yawa nesa ba kusa ba, likitan da ya ce a ɗauki hoton ƙirji da jini kafin ya rubuta magani ba ɓata lokaci yake yi ba.

Maganin shi ne firednisolon, ɗaya daga cikin dangin sitirod. Jagorar da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Turai da Amurka suka fitar tare a 2015 ta ce a fara da miligiram 12.5 zuwa 25 a rana. A Birtaniya an fi farawa da 15. Abin da ke biyo baya yana da ban mamaki. Wanda aka ɗauko ranga-ranga ranar Litinin yana iya share ɗakinsa ranar Alhamis. Mafi yawa suna jin babban sauƙi cikin mako guda, alamun kumburi a jini kuma su daidaita cikin wata. Irin wannan mamakin ne ya sa aka ba Philip Hench na asibitin Mayo da wasu masana biyu kyautar Nobel a 1950, shekara biyu kacal bayan ya fara gwada kotizon a kan masu amosanin gaɓɓai.

Saurin sauƙin nan yana yaudara ta fuska biyu. Ta farko, ba hujja ba ce cewa PMR ce, domin sitirod yana lafar da kusan kowane irin kumburi na ɗan lokaci. Ta biyu, mai ciwon yakan ɗauka ya warke. Bai warke ba. Maganin yana danne kumburin ne kawai, cutar na nan a ƙasa har sai ta ga damar tafiya da kanta. Tsofaffin littattafan likitanci sukan ce shekara ɗaya zuwa biyu. Da aka haɗa sakamakon bincike daban-daban, sai aka ga kusan rabin masu ita suna kan magani bayan shekara 2, kuma kusan 1 cikin 4 suna kai bayan shekara 5. A ganina ya kamata a faɗa wa mutum wannan tun ranar farko. Wanda aka yi wa alƙawarin shekara guda, in ya shiga ta uku, sai ya zaci laifinsa ne, ko ya zargi likita, ko ya jefar da ƙwayoyin don haushi.

Don haka rayuwa da wannan cuta, in aka cire makonnin farko, rayuwa ce da firednisolon da kuma rage shi. Tsarin da aka saba shi ne a sauko zuwa miligiram 10 cikin mako 4 zuwa 8, daga nan a riƙa cire miligiram 1 duk wata ko wata biyu. Manufar ita ce a gano mafi ƙanƙantar adadin da ke riƙe ciwon, a zauna a kansa, ana gwada sauka lokaci lokaci. Kusan rabin masu cutar za su ga ta taso musu aƙalla sau ɗaya a kan hanya, galibi in an sauko ƙasa da 10. In hakan ta faru, abin da aka saba shi ne a koma adadin da ya riƙe jiki a baya, a dakata, sannan a sake saukowa a hankali. Akwai wani bambanci da ya kamata mai magani ya iya ganewa. Jiki kan yi ƙorafi in an rage masa sitirod: ciwon gaɓɓai da kasala su zo washegarin ragewar, su lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Tasowar cutar kuwa takan ɗauki kwanaki kafin ta bayyana, ta zo da ƙagewar asuba irin ta farko, kuma kullum ƙaruwa take yi. Wanda ya ajiye ɗan littafi yana rubuta adadin da ya sha da yadda ya tashi kowace safiya zai taimaki likitansa fiye da kowane gwajin jini. Masu fama da cutar a Birtaniya, waɗanda ke da ƙungiyar taimakon juna mai suna PMRGCAuk, sun daɗe suna amfani da wata dabara da yardar likitocinsu: maimakon a tsallaka daga 7 zuwa 6 rana ɗaya, sai a riƙa cuɗanya tsohon adadi da sabo, yau wannan gobe wancan, har jiki ya saba.

Me ya sa ba za a tsayar da shi kawai ba in jiki ya yi daɗi? A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai suna adirinal, wadda ke samar da sinadarin kotizol. Shi ke riƙe bugun jini da sukari, shi ke tallafar jiki in zazzaɓi ko rauni ya zo. Abin da take samarwa a rana ya yi kusan daidai da miligiram 5 na firednisolon. In mutum ya shafe makonni yana shan fiye da haka, sai ta daina aiki, kamar gidan da ake aiko wa tuwo kullum har aka daina hura murhu. Ranar da aka yanke aiken ba zato, ba wuta ba itace. Mutum zai ji jiri, amai, kasala mai tsanani, jini ya faɗi, kuma ana iya rasa rai. Wannan shi ne dalilin da ya sa miligiram 5 na ƙarshe suka fi wahalar sauka, domin ana jiran adirinal ta farka ne, kuma tana iya ɗaukar watanni. Shi ya sa kuma duk wanda ke kan maganin, in amai ko gudawa suka hana ƙwayar zama a cikinsa, asibiti zai nufa a yi masa allurar haidirokotizon, ba jiran gobe ba. In zazzaɓi mai zafi ya kama shi ko za a yi masa tiyata, yakan buƙaci ƙari na 'yan kwanaki. A Birtaniya ana ba irin waɗannan mutane kati su riƙa yawo da shi a aljihu. Inda ba a bayarwa, takarda mai ɗauke da sunan magani da adadinsa da ranar farawa ta wadatar, kuma ya kamata 'ya'ya su san inda take. Ɗiyar da za ta iya cewa, “Likita, Hajiya tana shan firednisolon miligiram 6 tun bara, kuma tun jiya ba ta iya haɗiye shi ba,” ta yi wa mahaifiyarta babban aiki.

Akwai abu guda da ya fi duk abin da na ambata gaggawa. PMR tana da 'yar'uwa, cutar kumburin manyan jijiyoyin jini da ake kira GCA, wadda ta fi kama jijiyar gefen kai, tsakanin ido da kunne. Jonathan Hutchinson ya bayyana ta a Landan a 1890, a jikin wani tsoho da jijiyoyin kansa suka kumbura har sa hula ta gagare shi, sannan Bayard Horton na Mayo ya fayyace ta a 1932. Kusan mutum 1 cikin 5 ko 6 masu PMR suna da ita ko za su same ta. Alamunta su ne sabon ciwon kai da ba a saba da shi ba, fatar kai ta yi tsami har taje gashi ko ɗora kai a matashi ya zama wahala, muƙamuƙi ya gaji ya yi ciwo ana tsakiyar tauna, ya lafa in an daina. Sai kuma ido: gani biyu-biyu, ko duhu ya rufe ido ɗaya na 'yan mintuna ya yaye. Wannan duhun gargaɗi ne cewa jinin da ke ciyar da jijiyar gani yana yankewa. In ya yanke gaba ɗaya, ganin ba ya dawowa, kuma ɗaya idon na iya bi cikin kwanaki. Adadin da ake sha don PMR bai isa ya hana wannan ba. Ana buƙatar miligiram 40 zuwa 60 nan take, wani lokaci ta jijiya, tun kafin sakamakon gwaji ya fito. A asibitin Southend na Ingila, Farfesa Bhaskar Dasgupta da abokan aikinsa sun kafa tsarin ganin irin waɗannan marasa lafiya cikin kwana guda, kuma yawan masu makancewa ya ragu ƙwarai. Duk wanda ke da PMR, da duk wanda ke zaune gida ɗaya da shi, ya haddace waɗannan alamu. Ranar da suka bayyana, ranar ce ta zuwa asibiti, ko da dare ne.

Sai kuɗin da sitirod ke karɓa. Yana buɗe ciki, fuska ta yi kumburi, tumbi ya fito, fata ta yi laushi har ƙaramin bugu ya bar tabo. Yana hana wasu barci, yana sa wasu saurin fushi. Yana ɗaga jini, yana kawo yanar ido da hawan ruwan ido. Yana tayar da ciwon suga, kuma a nan akwai tarko: wanda ya sha da safe, sukarinsa da yamma yake hawa, don haka gwajin safe kafin karin kumallo zai iya fitowa lafiya lau alhali matsalar na nan. A riƙa gwadawa bayan abincin rana ma. Mafi ɓoyuwar illarsa ita ce zaizayar ƙashi, wadda ta fi sauri a watannin farko, kuma ba ta da alama sai ranar da ƙashin baya ya lotsa ko ƙugu ya karye. Likitoci kan haɗa da kalsiyam da bitamin D tun daga farawa, ga masu haɗari kuma su ƙara alendironet, ƙwaya ɗaya ta miligiram 70 a mako. Ana shan ta da safe ciki ba komai, da kofi cike da ruwa, a zauna a miƙe na minti 30 ba kwanciya, kuma yana da kyau a ga likitan haƙori kafin a fara. Kindirmo, dafaffiyar madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙaya, riɗi, zogale da kuka duk suna taimakon ƙashi. Gishiri da dunƙulen miya da lemun kwalba kuwa a ja baya da su.

Mu da muke zaune inda ake sayen kowane magani a kyamis ba takardar likita muna da ƙarin abin lura. Magungunan kashe ciwo irin su dikilofenak da ibufurofen ba sa yi wa PMR wani abin kirki, kuma haɗa su da sitirod hanya ce ta gyambon ciki mai zubar da jini. Haɗin nan da ake ƙulla wa tsofaffi a leda don ciwon jiki sau da yawa yana ɗauke da su, wani lokaci har da deksametason, wanda shi ma sitirod ne kuma ya fi firednisolon ƙarfi ninki 6 ko fiye. Shi ne dai 'yan mata ke sha don ƙiba. Tsohon da ya shekara yana shan irin wannan haɗin ya riga ya kwantar da adirinal ɗinsa bai sani ba. A kai wa likita duk ledojin ya gani. Sannan sitirod yana raunana garkuwa, yana iya tayar da tsohon tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da suka kwanta, don haka gwajinsu kafin farawa ya dace. Wanda bai taɓa yin ƙarambau ba ya nisanci yaron da ke yi. Allurar shawara da ake nema wajen tafiya ƙasashen waje tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kada a karɓe ta sai an gaya wa likita adadin da ake sha.

Ga wanda ciwon ke yawan taso masa, ko wanda suga da ƙashi ba za su jure sitirod ba, akwai mataimaka. Metotirekset ana shan sa sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma kuskure a wannan yana kisa. Amfaninsa a PMR matsakaici ne. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da sarilumab, allurar da ke toshe aikin IL-6, don masu PMR da suka kasa sauka daga sitirod, bayan ta amince da tosilizumab don GCA a 2017. Suna aiki, amma tsadarsu ta fi ƙarfin mafi yawan mutane.

Game da motsa jiki, kuskuren da aka fi yi guda biyu ne. Wasu su kwanta don tsoron ciwo, tsoka ta narke, ga sitirod na ƙara narkar da ita. Wasu kuma su ji ƙarfin makon farko su ɗauki aikin wata guda su yi a rana ɗaya, su kwana uku suna biya. Tafiya a ƙasa kowace rana, ana ƙara nisa kaɗan kaɗan, da tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, da ɗaga hannu a jikin bango, sun fi komai. Wanka da ruwan ɗumi yana sassauta ƙagewar safe. Ana shan maganin da sassafe tare da abinci, mai azumi kuma ya sha da sahur, bayan ya tattauna da likita ko azumin ma zai yiwu, musamman in akwai suga ko ana cikin saukar ƙarshe. Salla a zaune halas ce ga wanda tsayuwa ko sujada ta gagara, kuma ina roƙon 'ya'ya su ajiye wa iyayensu kujera ba sai sun roƙa ba. Tsofaffinmu suna jin nauyin faɗin ciwo, ga shi wannan ciwon ba ya nuna kansa a fuska. Uwar da kumatunta suka ciko saboda magani, baƙi na ce mata ta yi kyau ta murmure, ita kaɗai ta san yadda ta tashi da asuba.

In aka kai ga ƙwayar ƙarshe, ba a yar da katin nan ba tukuna. Adirinal na iya ɗaukar shekara guda kafin ta dawo da cikakken ƙarfinta, don haka duk wata tiyata ko rashin lafiya mai tsanani a cikin wannan shekarar, a sanar da likita cewa an sha sitirod kuma ga ranar da aka daina. Cutar na iya dawowa bayan an tsayar da magani, galibi a watannin farko, kuma takan amsa magani kamar yadda ta amsa da fari. Alamun GCA kuwa ana ci gaba da sa musu ido ko bayan shekaru.